Tasar Inna Mero

Kakata Inna Mero, mahaifiyar babana, ita ce ungozomar Yargoje shekara talatin da ɗoriya. Gajeriya ce, ga faɗa, kuma duk inda za ta karɓi haihuwa da wata tsohuwar tasa take zuwa. Ranar suna, in jariri ya yi barci, sai ta lallaɓa bayan kansa ta saki tasar a ƙasa. In ya zabura ya tsala ihu, ta rangaɗa guɗa. Mata na ta mita wai ta cika mugunta, ko a jikinta.

Hujjarta ita ce tun daga ciki ɗa yake fara ji. Ta sha ɗora hannu a cikin mai juna biyu ana daka a tsakar gida, ta ji ɗan yana motsi duk saukar taɓarya. Takan ce shi ya sa jaririn ƙauye ke barci da ƙarar turmi, ai tsohon sani ne.

Ni ma an sakar mini tasar, na kuwa yi ihu. Amma ina wata goma ƙyanda ta kama ni, kunnuwana suka yi ta zubar da ruwa. Shekarar ce kuɗin man fetur suka kawo injin niƙa unguwarmu, dab da katangarmu. Injin ya yi ta ruri, yaran gida na kuka, ni ina zaune lafiya lau. Kowa ya shiga yabona: Khadijatu mai haƙuri, Khadijatu ba ta da rigima. Har gwalan-gwalan da na fara na daina, aka ce kunya ce.

Inna ta zo ta bayana ta saki tasa. Ko waiwayowa ban yi ba.

Ta samu babana Gide a zaure. "Ɗiyag ga ba haƙuri gare ta ba, ba ta ji ne. In ta wuce lokacin koyo, maganar ba ta zuwa."

"Haba Inna, in lokacinta ya yi ai za ta yi."

"Da mi za ta yi? Abin da ba ta ji ba? In ba ka tahiya, ni na tahi."

Ranar kasuwar Kankara ta goya ni, ta hau bayan a-kori-kura, daga can ta sake mota zuwa asibitin birni. Likita ya tarar ruwa da mugunya sun toshe kunnuwan biyu. Ya ce ƙwaƙwalwar yaro da sautin da take samu a shekarun farko take gina hanyar ji da magana, gara da aka zo yanzu. Likitan ba ya jin Hausa, sai Inna ta ce da mai yi musu tafinta ya gaya masa ta riga shi sani.

Aka yi magani wata biyu. Kullum tana tankaɗe ina kan cinyarta, bakinta a kunnena, tana kiran sunan komai: gero, rariya, akuya, Gide mai taurin kai.

Wata rana da hantsi ina barci ta saki tasa. Na zabura na cika gidan da ihu. Mahaifiyata ta fito da gudu hannu duk ƙullu, ta tarar da tsohuwa tana guɗa, hawaye na bin fuskarta.

Shekara ashirin da takwas na yi ina koyar da karatu a firamare, da wannan bakin da aka ce a jira. Ina alfahari da Inna Mero, ba na ɓoyewa. Tasar tana ɗakina, kuma jikokina babu wanda ban tayar daga barci da ita ba.