Kwana Uku Ina Gaishe Da Farfesa

Ba a daɗe da yanke mana Jigawa daga Kano ba, malamin da ke duba kundin digirina na biyu ya tattara nasa ya nasa ya tafi ƙasar waje, ko sallama babu. Na je jami'a na tarar da kwaɗo a ƙofar ofishinsa. Aka ce in nemo wanda zai karɓe ni kafin ƙarshen zango, in ba haka ba a soke sunana. Lokacin ina koyar da darasin zamantakewa a wata sakandare a Haɗejiya. Shekara uku na yi, duk ranar hutu in hau babur zuwa Guri, in shiga kwalekwale, ina tambayar masunta da manoman shinkafa da makiyaya yadda suke raba fadama in ruwa ya janye. Babi huɗu na rubuta da hannuna, saura ɗaya.

Mu biyu malamin ya bari a rana. Ɗayan abokina ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, shi ma malami a garinmu. Shi ya kawo labarin taron ƙara wa juna sani na malaman fanninmu, na kwana uku. Ya ce farfesa ɗaya tilo da ya rage a sashenmu zai halarta, mutumin da samunsa a ofis sai an yi da gaske.

Tun a mota ya fara yi mini huɗuba. "Malam, in mun je ka buɗe baki fa. Wurin nan ba ƙofar hakimi ba ce. Ka faɗi sunanka, ka faɗi abin da kake so."

Raina ya ɓaci. A gidanmu ba a tunkarar babba da buƙata a hannu. Gaishe shi ake yi, a yi masa hidima, ya saba da fuskarka, har shi da kansa ya ce, "Lafiya dai?" Sannan ka sunkuyar da kai ka ce, "Dama..." Haka na ga mahaifina yana yi, kuma ban taɓa ganin ya dawo hannu rabbana ba. Na ce wa abokina ni ba bara na zo ba, kada kuma ya kuskura ya ambaci sunana a gaban farfesa. Ya yi dariya, ya ce girman kan Bahaɗeje sai shi. Ban bar shi ba sai da ya rantse da Allah.

Abin da na gani a taron ya ɗaure mini kai. Da an tashi shan shayi sai ka ga ɗalibai sun yanyame manyan malamai, wannan yana tura takardarsa, wancan yana rubuta adireshi a guntun kwali. Har da abokina a ciki, yana ta zuba kamar an kunna rediyo. Na ce a raina wannan ai rashin kunya ne.

Ni kuwa kullum da safe ina bakin ƙofar zauren. Farfesa na saukowa daga mota in rusuna in gaishe shi, in karɓi jakarsa, in gyara masa kujera. Rana ta biyu ya tambaye ni da Turanci yaya aiki. Na ce mun gode Allah. Taƙaitaccen bayanin kundina yana ninke cikin aljihun rigata, ban fito da shi ba. Na taho da bandar kifi mai kyau, na ba direbansa ya sa a bayan mota. Direban ya ce in rubuta sunana a jiki, na ce ba a haka.

Ranar rufewa na tsaya riƙe da jakar farfesa, ina jiran ya ce "Lafiya dai?" Ya karɓa, ya ba ni hannu, ya ce yana godiya gare mu masu shirya taro, mun yi ƙoƙari. Motarsa ta tashi.

Muka kamo hanyar dawowa ni da abokina. Sai da muka kusa Haɗejiya, ruwan ambaliya kwance dama da hagu, ya ce farfesa ya karɓe shi. Na yi masa murna, duk da na ji ɗaci.

"Gurbi biyu gare shi, Malam," in ji shi. "Ya tambaye ni ko na san wani mai aiki kan mutanen kogi, ya ce irinsa yake nema. Da ban ce komai ba, ya ba wata ɗaliba."

Na daka masa tsawa har fasinjoji suka waiwayo. "Me ya hana ka magana?"

"Na kalle ka, kana tsaye can da jakarsa. Na yi maka alama da hannu, ka kawar da kai. Kai ka sa na rantse."

Na juya fuskata wajen taga. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, amma hawaye suka zubo mini a cikin motar haya. Na koma jami'a sau biyu ban sami farfesa ba, a na uku sakatariyarsa ta ce gurabensa sun cika. Da wasiƙar soke sunana ta zo, a ofishin malamai na karanta ta a tsaye, aka buga ƙararrawa, na ɗauki alli na shiga aji.