Kawu Mai Aski Da Kyaftin Ɗin Da Ya Ƙi Mutuwa

Kawuna mai aski ne, ƙanin mamata, shagonsa ɗan ƙarami tsakanin mai gyaran waya da mai katifa, kujera ɗaya mai juyawa sai benci sai madubi da ya tsage ta gefe sai talabijin can sama kan katako. Ƙarƙashin bencin kwali ne cike da littattafan zane na jarumai masu tashi sama, kowanne cikin ledarsa, tun yana yaro yake tara su, ka taɓa da hannun maiƙo ka sha baƙar magana.

Ra'ayi kuwa kamar an buɗe famfo, yana riƙe da kanka yana zuba kuma ba damar ka gudu da rabin aski. Wai finafinan matsafa da dodanni raini ne, ba don sihirin ba fa, a'a, don mutum zai yi wata da watanni a daji yana yaƙi amma gemunsa ras kamar yanzu ya tashi daga kujera. "To wa ke gyara masa? Dodon?" Wai jarumin da zai ɗaura ɗan ƙyalle a ido a ce ba a gane shi ba shi ma raini ne, shi ƙeyar mutum kawai zai gani ya faɗi sunan ubansa.

Amma wanda ya fi shiga ransa wani dogon shiri ne na talabijin, na wani kumbo da ke yawo cikin taurari ana neman duniya mai ruwa. Faifai uku ya saya a kasuwa babu kwali, mai sayarwar ne ya rubuta musu lamba da biro. A na biyu kyaftin ɗin kumbon, tsoho mai furfura da tabo a goshi, ya mutu, aka sa shi a akwati aka sake shi cikin taurari. A na uku sai ga shi tsaye gashi baƙi wuluk babu tabo, kuma ba wanda ya ce masa sannu da dawowa.

Nan Kawu ya kafa tuta. Wai kumbon ne ya faɗa ramin lokaci, kowa a ciki ya manta, mai kallo kaɗai aka bar wa amanar. "Furfura ba ta komawa baƙa haka kawai, sana'ata ce, ni zan gaya muku." Duk wanda ya zauna a kujerar nan sai ya ji wannan karatun.

Yana da aboki mai walda, tare suka taso, kansa bai san injin askin kowa ba sai na Kawu. Wata rana benci cike, Kawu na tsakiyar askinsa yana karatun, sai mai walda ya ce, "Kai malamin taurari, faifan aka juya maka. Na ukun ne na biyu."

"Wanda tartsatsi ya cinye wa ido ne zai koya min kallo?"

"Idon dai ya ga lambar da biro aka yi ta."

Benci ya kwashe da dariya, Kawu ya kashe inji ya cire masa ƙyallen wuya ya ce ya je wani wuri a ƙarasa masa. Haka ya fita, gefe ɗaya tas gefe ɗaya daji. Mamata da ta ji cewa ta yi wanzami dai ba ya son jarfa.

Shi ke nan magana ta yanke, matansu na gaisawa su kuwa ko a hanya kowa sai ya ga wani abu a wayarsa. Kawu bai daina karatun ba amma in ya zo wurin furfura sai ya kalli ƙarshen benci inda mai walda ke zama, sai ya ƙara wa inji mai ko bai buƙata.

Aka daɗe a haka sai na'urar faifan ta mutu, mai gyaran waya ya buɗe ya ce a yi mata addu'a. Babbar 'yar Kawu ta haɗa masa talabijin da waya, ta nemo shirin, shirin kuma a waya da kansa yake tafiya kashi bayan kashi ba ruwansa da biro. Kawu ya soma daga farko in babu mutane. Kashi na biyu ya zo, gashi baƙi. Ƙarfe ya faɗo wa kyaftin a goshi, ga tabo. Kashi na uku furfura, sai akwati, sai taurari, sai rubutu ya hau, babu wani abu bayansa.

'Yar ta ce, "Baba in mayar baya?"

Ya ce bar shi.

Da rana tsaka ya rufe shago, ya sa inji da almakashi da ƙyalle a jaka ya tafi garejin walda. Mai walda na tsugune kan wata ƙofa, ya ɗaga gilashin fuska ya ga ko waye, ya cire hula. Gashi ya taru kamar sheƙar tsuntsu, gefe ɗaya har lokacin ya fi ɗaya tsawo, ashe ba wanda ya bari ya taɓa.

Kawu ya ce, "Wannan kai ne ko katifa ta fashe?"

"Aikin wani ne da bai ƙarasa ba."

Kawu ya jawo bokitin fenti ya kife ya ce zauna, ya zare wayar injin walda ya sa tasa. Ya yi nisa da aski kafin ya ce, "Ya mutu. A ƙarshe."

"Na sani."

"Nawa labarin ya fi nasu daɗi dai."

"Ya fi mana. Sai dai ƙarya ne. Sunkuyo da injin nan, ka bar min bayan kunne."

Yanzu faifan uku suna cikin kwali tare da littattafan, da lambarsu ta biro yadda take. Kawu ya koma kan gemun masu yaƙi da dodanni, mai walda na ƙarshen benci yana cewa ƙila dodon ne.