Rana a Cikin Ƙwarya

Kakarmu ba ta duban mutum kai tsaye. In za ta kalle ka, sai ta karkatar da kai ta dube ka da gefen ido, kamar kaza ta hango shirwa. Mu yara mun ɗauka tsabar faɗa ne, kuma da ma tana da shi. Waina take toyawa a ƙofar gidanmu a Unguwar Kanawa. In an yi sallar isha ta sauke tanda, ba ta barin garwashin ya mutu a banza. Sai mu kewaye murhun, ni da ƙanwata Asabe da 'ya'yan maƙwabta, kowa da guntun waina a hannu. Ta buga ludayi a bakin ƙwarya ta ce, "To, ga ta nan ta iso. Mai surutu ya tafi gidan ubansa."

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta Rana. Wai Rana mace ce mai zafin rai, ba ta son a ga fuskarta. Sai an daɗe take yin zazzaɓi, ta ja baƙin mayafi ta rufa, gari ya yi duhu da tsakar rana, kaji su shige akurki. Wani manomi ya ce yau dai tunda ta yi laushi sai ya gan ta. Ya ɗaga kai. Rana ta ce masa, "Ka gan ni? To, abin da ka gan ni da shi ya zama nawa." Da lalube ya koma gida. Amma wata mata mai wayo ta zuba ruwa a ƙwarya, ta ajiye a tsakar gida, ta sunkuya. Ta kalli Rana son ranta, Rana ba ta san an gan ta ba.

A nan Kaka take tsayawa. Kullum Asabe sai ta ce, "Kaka, daga nan sai me?"

"Daga nan sai barci, uwar tambaya."

Muka girma da wannan. Ni na yi aure a Kawo, Asabe a Hayin Banki. Da mijinta ya rasu, ɗinkin hula ya riƙe ta da 'ya'yanta, kuma hannunta ya yi suna, don zarenta ba ya kauce layi.

'Yata Bilkisu ita ce ta yi karatu mai nisa, har ta zama malama a jami'a, kuma Rana ce aikinta. Ni ban shiga aji ba, ba na faɗin abin da ban sani ba, abin da na gani shi zan faɗa. In ta zo gida takan buɗe kwamfuta ta nuna mini wani jan dunƙule yana tafasa kamar manja a wuta, da baƙaƙen tabo a jikinsa. Tabon nan su take bi kullum, ta ga wanne ya girma, wanne ya ɓace. Ta ce wani lokaci Rana kan feso wuta ta nufo mu, in ta iso saman iska sai rediyo da na'urorin matuƙan jirgi su rikice, aikinsu su gane da wuri su faɗa. Na ce, "Idonki fa?" Ta ce, "Umma, ban taɓa kallonta da idona ba. Na'ura ke kallo, ni ina kallon na'ura."

Shekarar da aka sanar a rediyo za a yi husufin rana, Bilkisu ta zo da tabarau na kwali masu baƙar leda, ta rarraba wa unguwa. Muka je Hayin Banki tare.

Bilkisu ta ce, "Inna Asabe, don Allah ko a ruwa kada ki kalla. Ruwa yana rage hasken har ki iya zuba ido, amma bai kashe ƙunar ba. Kuma wurin da ke ƙonewa a cikin ido ba ya jin zafi."

Asabe ta yi dariya, allura a bakinta. "Ji 'yar nan. Ni na goye ki har kika tsula mini fitsari a baya, yau ke za ki koya mini duban sama? Tun ba a haifi uwarki ba ake dubawa a ƙwarya." Ta juya tabaran, ta ce ya yi kama da kayan tashe, ta ɗora shi a kan taga.

Ranar, haske ya koma rawaya kamar idon mai shawara. Maza suka tafi masallaci sallar husufi. Ni na shige ɗaki da carbi, ban duba da tabarau ba, ban duba da ruwa ba. Asabe ta cika baho, ta sunkuya a kai har gari ya washe.

Washegari ta aiko a kira ni. Na same ta da hula a gwiwa, zare a hannu. Ta ce, "Yaya, ina ganin allurar, kafarta ce ba na gani. Duk inda na sa ido, wurin ne ke ɓacewa."

Bilkisu ta kai ta asibitin ido. Aka ce a jira, wani yakan warke, wani ba ya warkewa. Na hagu ya ɗan dawo, na dama bai dawo ba. Hular da ke gwiwarta ran nan ba a ƙarasa ta ba. Yanzu gyaɗa take soyawa a ƙofar gida. Bilkisu ba ta taɓa ce mata "ai na faɗa miki" ba, amma na ga ta daɗe ba ta buɗe kwamfutar nan a gabana ba.

Bayan watanni na shiga gidan ƙanwata na yi sallama. Asabe ta ɗago, ta karkatar da kai, ta dube ni da gefen ido. Sai da na dafa bango. Kaka ce zaune a gabana. Da na tambayi Bilkisu ta ce haka ne, in tsakiyar ido ta ƙone, da gefe mutum ke koyon gani.

Ashe matar nan mai wayo a gabanmu take zaune duk dare, tana juya garwashi. Ko ta san abin da ƙwaryar ta yi mata ta ɓoye, ko ta ɗauka ciwo ne daga Allah ba ta taɓa haɗa su ba, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Allah ya jiƙanta. Amma na san a inda take yanke tatsuniyar, kuma na san wadda ta biya ragowar.

Ni ma yanzu ina yi wa jikokina ita, a gefen risho. In suka ce, "Daga nan sai me?" ba na kora su barci. Nakan ce, "Daga nan sai Rana ta leƙo cikin ƙwaryar ta ce, ke ma na gan ki." Wanda ya yi dariya, da safe nakan aike shi Hayin Banki ya gaida Asabe, in ce ya lura da yadda za ta dube shi.