Taken Wanda Ba Ya Nan

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Tanko, wanda ke kwance a maƙabartar ƙauyenmu tsakanin Babban Duhu da Safana. Ni kaɗai na rage cikin 'ya'yansa, kuma na kai shekarun da jikoki ke ɗaga murya in za su yi mini magana, alhali ina jin su sarai. Ba malami ba ne, ba kuma ɗan sarauta ba. Makaɗin noma ne, na kuma san akwai masu karatu da za su taɓe baki da jin haka. Su taɓe. Tun ina yarinya ake ce mini 'yar makaɗi, har na yi shekaruna ina koyarwa a firamare na ajiye aiki, abin bai taɓa hana ni barci ba.

Kurkunu ce ta lalata masa ƙafar hagu tun yana saurayi. Ƙafar ta warke a sandare, ba ya iya dogon sunkuyo, sai ya rungumi ganga. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A wancan zamani in aikin gona ya fi ƙarfin gida, sai mai gidan ya kira gayya, mazan gari su taru su nome masa, shi kuma ya ciyar da su, gobe a koma gonar wani. Kowane manomi yana da takensa, wato ɗan kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda ganga ke kiran sunansa da na uwarsa ko ubansa. Duk gajiyar mutum, in ya ji takensa dole ya ɗaga fartanya ya amsa ya faɗa layi. Ƙin amsawa abin gori ne da za a yi ta yi masa har kaka. Baba ya san taken kowa a ƙauyenmu, kuma yara da mata ma duk mun san su da ka.

Ban taɓa ganin mutumin da ƙaramin abu ke faranta wa rai kamarsa ba. In fartanyoyi suka sauka a tare daidai da gula, sai ka ga haƙoransa duk a waje. In Inna ta dama fura da ruwan randa mai sanyi, sai ya sha ya ajiye ludayi ya ce yau kam ko Bature bai fi shi jin daɗi ba. Inna ta ce masa Bature ba ya shan fura, ya ce to ai ka ji, na fi shi ke nan. Ranar da ya sake wa ganga fata ba a samun kansa, yana ta taɓa ta yana kasa kunne. Yana son ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, yana son ya ga yayana Bawa ya dawo daga gona ya faɗa wa tuwo ba magana. Ba mu da yawa a gidan, ba mu da dukiya, amma ana dariya a tsakar gidanmu har maƙwabta su leƙo ta kan danga su tambayi abin da ya faru.

Wata damina a zamanin Turawa, ina 'yar budurwa da ba ta kai aure ba, ruwa ya cinye hanyar motar da ta nufi Batsari. Umarni ya zo daga sama cewa kowane gida ya ba da namiji mai ƙarfi a je gyara. Ba a tambayi ko gero ya fito ba. Ya kuwa fito, ya yi kyau, lokacin noman fari ya yi. Aka kwashe majiya ƙarfin gari, har da Bawa, wanda shi kaɗai ne mai noma a gidanmu. Aka bar tsofaffi da mata da yara, da gurgu mai ganga. Ba wanda ya san ranar dawowarsu.

Ciyawa ba ta jira su ba. Kullum in na kai wa Baba ruwa a gona sai in ga harƙiya ta ƙara tsawo, geron kuwa yana ta yin ja-ja a ƙarƙashinta. Shi da Inna suna ɗan taɓawa, amma abin da suka nome da safe bai kai a nuna wa baƙo ba. Kowa ya san in noman fari ya wuce, rumbu zai kwana wofi, kuma a gidajen da aka ɗauki mazansu haka lamarin yake ko'ina. Matan garinmu suna noma 'yan gayauninsu, sun san fartanya, amma ba a taɓa ganin mace a layin gayya ba. Aikinsu ranar gayya shi ne daka da tuwo da guɗa daga bakin gona. Kowace sai ta tsaya a tata gonar tana fama ita kaɗai, ciyawa tana cin su ɗaya bayan ɗaya.

Wata la'asar Baba ya sauko da ganga yana ɗaure mata tsirkiya, ya ce gobe akwai gayya a gonarmu. Inna ta dube shi ta ce, “Gayya da wa, Malam? Mazan duk suna bakin hanya.”

Ya ce, “Takensu ai shina nan, ba a tahi da shi ba.”

Ran Inna ya ɓaci. Ta ce, “Kada ka kaɗa mini taken ɗa ba ya nan. Ka kira shi ba mai amsawa, mi ke nan in ba kukan mutuwa ba?” A al'adarmu kuwa gaskiyarta ce. Ba a kaɗa taken wanda ba ya wurin, sai dai in ya rasu, a kaɗa masa sau ɗaya a gayyar farko a yi shiru. Baba bai yi mata musu ba. Ya ce kawai, “In ba a amsa ba, na yarda na yi laihi. Amma ba ni zama in kalli ciyawa tana cinye abincin ɗiyana.”

Da hantsi muka hallara. Tsofaffi kaɗan suka zo da fartanyoyinsu, mata kuma suka tsaya a inuwar tsamiya da ƙoren fura, kowace fuska a murtuke. Baba ya kaɗa wa tsofaffin nasu, suka amsa da muryoyi masu rawa, suka shiga. Layin ya yi gajarta har abin tausayi. Sai ya gyara rataya, ya juya wajen mata, ya saki taken Audu, ɗan maƙwabciyarmu Iya Dije, wanda shi ma yana aikin hanya. Gangar tana cewa Audu na Dije mai riga rana fita. Na ga wata tsohuwa ta kama baki. Ya sake kaɗawa, ya kuma sakewa, gumi yana zubo masa, idonsa a kan Iya Dije.

Iya Dije gajeruwa ce mai faɗa, ba ta barin ko-ta-kwana. Ta ajiye ƙwaryarta, ta ɗaure zane ta tamke, ta ce, “Tanko, ɗana shina da rai, kuma ba a kiran gidanmu a ji shiru.” Ta fizge fartanya daga hannun wani tsoho, ta ɗaga ta sama yadda Audu ke yi, ta faɗa layi. Daga nan ya kaɗa na mijin wata, matar ta shiga. Ya kaɗa na ƙanen wata, ta shiga. Da ya zo kan na Bawa, sai na dubi Inna. Idonta ya cika, amma ita ce ta miƙo mini fartanyar Bawa da hannunta ta ce, “Tahi ki amsa wa yayanki.” Fartanyar ta yi mini nauyi, tafin hannuna ya yi bororo kafin azahar, amma ban taɓa jin daɗin aiki kamar na ranar ba. Muna noma muna dariya, muna yi wa juna tsiyar layin da ya karkace.

Da muka kai ƙarshen gona, Iya Dije ta rangaɗa guɗa ta ce ashe makaɗi shi kaɗai ne ba shi da take a garin nan, to yau ya samu. Ta kira shi Tanko mai kiran na nesa. Mata suka ɗauka da tafi, shi kuma ya sa shi a ganga yana dariya yana share ido. Washegari aka koma gonar Iya Dije, daga nan gida-gida har aka gama. Da mazan suka dawo, a rame, ƙafafu duk faso, sun tarar da gero ya kai gwiwa, ƙasa fes. Bawa ya zagaya gonar, ya dawo ya ce wa Baba a faɗa masa wanda ya yi masa noma a karkace da sunansa, zai kai ƙara. Ya yi ta tsokanata da wannan har ya tsufa.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya ga yau. Babur kam na tabbata sai ya ce a ɗora shi a kai shi kasuwar Batsari, ƙafarsa a miƙe, yana gaida kowa a hanya. Maganin feshi zai ba shi mamaki, zai kuma yi murna da bayan manomi ya huta, don bai taɓa cewa wahala abin so ba ce. Abin da zai dame shi daban ne. Zai ga saurayi shi kaɗai a gona da tanki a baya da waya a kunne, zai tambaye shi takensa, yaron ya rasa amsa. Zai kuma ga abin da ya fi wannan ciwo. Rashin tsaro ya sa an bar gonakin nesa sun koma daji, samari da yawa sun watse birane, wasu gidajen ba namiji ko ɗaya. Ina faɗa da baƙin ciki, an sake kwashe mana maza, kuma wannan karon ba aikin hanya ba ne.

Na san ba zai zauna yana lissafin abin da aka rasa ba, don ba halinsa ba ne. Daminar da ta wuce na je gida, na tarar da gonakin bakin gari na zawarawa da tsofaffi ciyawa ta rufe su. Na sa aka sauko da gangar daga ɗakin Bawa, Allah ya ji ƙansa, aka sake mata fata. Lawal, jikan Bawa, ɗan acaɓa ne, ya koyi kiɗan a wurin kakansa amma kunya ta hana shi fita da shi. Na ce masa, “Kai, ko ka rataya ta, ko ni in rataya ta a yi maka dariya.” Ya rataya.

Ba mu yi yawa ba, kuma mun tsaya inda ana hango gari. Lawal ya kaɗa taken da ya sani, na masu rai da ke nesa, uwayensu da matansu da ƙannensu suka amsa. Na ga yarinyar da ba ta taɓa jin gangar noma ba tana dariya tana sara ƙasa. Na ga an zauna an sha fura a ƙwarya ɗaya. Baba bai bar mana gida mai bene ba, bai bar garke ba. Ya bar mana sanin cewa in an taru an yi aiki, an kira kowa da sunansa, rai yana yin fari ko a shekara mai wuya, kuma wannan ban ga abin da ya isa ya ƙwace mana shi ba.

Can da rana ta ɗaga, Lawal ya dube ni ya canza hannu. Na gane tun daga bugu na farko: Tanko mai kiran na nesa. Ya yi nufin ya kaɗa sau ɗaya a yi shiru, yadda ake yi wa mamaci. Ni kuwa na dafa kafaɗar wata jikata na miƙe, na ce ta ba ni fartanyarta. Ta ce, “Kaka, bayanki fa.” Na ce mata bayana nawa ne, kuma ba a kiran gidanmu a ji shiru. Ban iya ɗaga fartanyar sama sosai ba, layina kuma ya karkace kamar na wancan karon, amma na kai shi ƙarshe. Allah ya ji ƙan Baba Tanko, ya haskaka makwancinsa. Bana ma in da rai za mu fita.