Hayaƙin layya a bangon Alhaji

Alhaji mai gidanmu ya tsaya gaban bangon tsakar gida yana kallonsa. Ina bayansa riƙe da makullai.

Yau muka bar gidan hayarmu na unguwar Kirkissoye a Yamai. Ya zo dubawa kafin ya maido min kosiyon, wato kuɗin wata biyu da na ajiye wurinsa ranar shiga. Su zan kai wa sabon mai gida a unguwar Talladjé ranar Asabar, in na saɓa ya ba wani gidan.

Da layyar bara na nace sai na yi gashi irin na 'yan Yamai, a tsire rago a itace a gefen wuta. Ban taɓa yi ba, na hura wutar dab da bango. Hayaƙi ya baƙanta shi har sama.

"Malam Sani, wannan fa?"

"Gashin layya ne, Alhaji."

"Na tuna. Cinya ka aiko min, ta yi daɗi." Ya karɓi makullan. "Ka zo Juma'a."

Bai ce ya yafe ba, bai ce zai cire kuɗin fenti ba.

Jama'a, cinyar nan za ta cece ni, ko in fara neman rance?