Bawa Makaniki da Hitar Motar Alhaji Mode

Kowace safiya, da an sauko daga masallaci, Malam Bawa kan shimfiɗa tsohon buhu a rumfarsa da ke gefen tashar Boɗinga, ya jera sifanoninsa, sa'an nan ya zauna jiran aiki. A da, kafin ya gama jerawa lori ya riga ya tsaya. Yanzu kuwa sai keke mai neman faci, sai fitilar da ta ƙi kamawa. Ba ƙwarewarsa ce ta ragu ba. Kowa a garin nan ya san dalili, kuma abin takaici ne a ce har yau ba a sami mai faɗinsa a fili ba.

Shekarar da aka sami mulkin kai, wani attajiri na Shagari, Alhaji Mode, ya sayi tsohuwar mota ƙirar Amirka a hannun wani Bature mai komawa gida. Sitiyarinta na mai ne: bel ke juya wani famfo, famfon ya tura mai, har yatsa ɗaya ya isa ya karkata ta. Tana kuma da hita mai hura iska mai ɗumi a ƙafa. In ɗari ya shigo, Alhaji kan ɗauki manyan gari ya kunna musu, su yi ta mamaki, shi kuwa yana gyara zaman hula.

Wata rana direbansa, Haliru, ya kawo ta da kuka biyu: hita ta ƙi kashewa, sitiyari kuma yakan sandare ba zato. Bawa ya yini a cikin inji har ya gano cewa ciwon ɗaya ne. Makunnin hitar ya cinye, ruwan inji na ɗiga daga bakin tiyonta a kan bel ɗin, kuma da bel ya jiƙe sai ya zame, sitiyari ya ƙi juyawa. Da Alhaji ya zo da yamma, Bawa ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce:

"Ranka shi daɗe, a toshe hitar ga. Kayanta babu su ko Sakkwato."

Alhaji ya yi dariya. "Bawa, kai da ko jaki ba ka da shi, kai za ka koya min mota? Don ɗumin ga nis saye ta. Ɗaure bel kawai."

"Ina ɗaurewa, ranka shi daɗe, amma ɗaurin ba shi hana ruwa zuba."

Ya ɗaure, ya sake roƙo a gaban masu faci da 'yan kamasho, Alhaji ya shige mota ya ja ƙofa.

Ran wata kasuwa, a kwanar da ke kusa da Mandera, sitiyari ya sandare a hannun Haliru. Motar ta kwashe wani manomi, Aliyu, da jakinsa da buhunan albasarsa, ta karya shi a cinya. Nan take Alhaji ya ce gyangyaɗi direba yake yi. Aka tsare Haliru, lasinsa da sunansa da abincin iyalinsa duk suna gaban alƙali. Kafin ranar shari'a wani ɗan aike ya iso rumfar Bawa.

"Alhaji na gaishe ka. Ya ce makaniki da sifana aka san shi, ba da baki ba."

"Ina amsawa," in ji Bawa. "Ka ce mai, ko ba a tambaye ni ba, sai na hwaɗi."

Ya hau kekensa har majalisar alƙali. Ya bayyana ciwon motar, da gargaɗin da ya yi, bai kuma wanke kansa ba: ya ce da hannunsa ya ɗaure bel ɗin alhali ya san ba magani ba ne. Aka saki Haliru, aka ɗora wa Alhaji jinyar Aliyu.

To, da me aka saka wa Bawa? Alhaji ya janye motocinsa na lori duka daga rumfar Bawa, sauran attajirai suka bi sahu don kada su ɓata da shi. Mutanen da suka ji gargaɗin da kunnensu su ne suka fara ce masa butulu. Wane irin gari ne wannan, da mai gaskiya zai koma facin keke, masu shiru kuma a ba su tabarmar gaba?

Malam Bawa, kai ne ka zaɓi rumfarka ta zauna ba mota a kan a bar mutum a kurkuku ba laifi. Kai ne ka faɗi naka kuskuren kafin na wani, a gaban wanda abincinka ke hannunsa. Namijin duniya, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya.

Yanzu idonsa ya fara rauni, kuma da an yi girbi zai rufe rumfa ya koma gona a Dingyaɗi. Matasan da ke koyon wannan sana'a, ku koyi gyara a ko'ina, amma tsayawa a kan gaskiya a wurinsa za ku gani. Ku kuma da kuka tsaya a tashar ranar nan, kuka ji, kuka yi gum, har yanzu yana nan. Ku je ku gaishe shi a fili, da rana tsaka, inda Alhaji zai gani.