Makahon da Ke Ɗaura wa Tarakta Sarƙa

Shekara arba'in da ɗaya Torleiv Brenden ya yi yana share hanyar kwarinsu duk hunturu. Daga coci zuwa gonar ƙarshe a kan dutse kilomita tara ne, kuma in taraktarsa ba ta wuce da garmar ture ƙanƙara ba, motar madara ba ta shigowa, ta 'yan makaranta ma ba ta fita. Mutum ne marar yawan magana. Marigayiya matarsa takan ce duk mai son jin muryar Torleiv ya je ya taɓa masa akwatin kayan aiki.

Ciwon suga ne ya cinye masa ido, na hagu da farko, bayan shekara biyu na dama ya bi sahu. Yana da sittin da takwas ya miƙa makullin tarakta ga 'yarsa Gunvor, wadda ta bar aikinta na kantin magani a birnin Trondheim ta dawo gida. Daga nan ya koma zaman kujera kusa da murhu, rediyo a kunne, ba ya cewa uffan. Gunvor ta ɗaura masa igiya daga ƙofar gida zuwa rumfar tarakta ko zai ji sha'awar fita. Wata bakwai bai taɓa igiyar ba.

A shekarar dusar ƙanƙara ta zo da wuri, aka wayi gari ta kai gwiwa. Gunvor ta jawo sarƙoƙin da ake ɗaura wa tayoyin tarakta saboda santsi daga lungun rumfa, kowace ta fi ta nauyi. Ta sha ganin mahaifinta yana ɗaura su, amma gani daban, yi daban. Ta ɗaga, ta jingina a jikin taya, sarƙar ta zame. Ta sake, ta sake zamewa. Awa biyu tana fama, gumi na daskarewa a goshinta, har ta fara tunanin kiran wani ya zo ya taimaka.

"Ke 'yar nan, kokawa kike yi da ita?"

Ta waiwaya. Yana tsaye a bakin rumfa, hannu ɗaya riƙe da igiya, ya sa rigar sanyinsa a baibai.

"Baba, koma ciki, akwai santsi."

"Tun daga kan kujera nake jin ki. Wa ya ce miki ana ɗaga ta?"

Ya cire safar hannu a cikin wannan sanyi, ya durƙusa, ya bi sarƙar da yatsu. "Kin kifa ta. Haƙoran sama suke kallo." Ya sa ta juya ta, suka shimfiɗa ta a bayan taya, ya warware inda ta murɗe. Ya ɗaura guntuwar igiya a bakinta, ya rataya a kan tudun robar taya.

"Hau. Giya ta ɗaya. Tafiyar hawainiya nake so."

Gunvor ta hau, tana leƙen baya. Abin da ya gagare ta awa biyu sai ga shi yana hawa taya da kansa, zobe bayan zobe, yana kwanciya inda ya dace. Tsohon ya karkata kai yana saurare. "Tsaya," ya ce. Ta sauko ta duba: bakin sarƙar biyu sun haɗu daidai, ko tafin hannu ba su wuce ba. Ya zura hannuwa bayan taya, fuskarsa na kallon rufi, ya maƙala ƙugiyar ciki, sannan ta waje. Ya cusa dunƙulallen hannu tsakanin sarƙa da roba.

"In hannunki ya shiga, ta yi. In kika matse ta, za ta ci taya."

A sarƙa ta biyu ya tsaya a kan wani zobe, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya ƙwanƙwasa na kusa da shi. "Wannan ya tsage." Sai da Gunvor ta sa tabarau ta kai shi cikin haske kafin ta ga tsagar, siririya kamar gashi. Ta daɗe tana kallon yatsun nan masu kanta, waɗanda kowace safiya take sa wa kofin gahawa a ciki kamar na jinjiri. Ta ɗauko sabon zobe suka sauya.

Da ta tada inji za ta fita sai ya ce, "Akwai wuri a gefenki?"

Kilomita shida na farko lafiya lau. Bayan gadar katako iska ta taso, ta kwaso ƙanƙara daga kan dutse, sama da ƙasa suka zama fari ɗaya. Sandunan da ake kafawa a gefen hanya don nuna iyakarta ba a kafa su ba tukuna, ga kuma kwazazzabo a hannun dama. Gunvor ta taka birki.

"Baba, ba na ganin komai."

"To, mun zama ɗaya. Buɗe min taga."

Ya kafa kunne. Can ƙasa ana jin kogi, bai gama daskarewa ba. Ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen da ke saman taya.

"Tafi a hankali. Za ki ji ta ɗan jirkice hagu, kada ki gyara." Taraktar ta jirkice hagu. "Yanzu ƙarar sarƙa za ta canza, kwalbati ne. In ta canza, ki ƙirga goma ki karya dama." Ƙarar ta canza. Gunvor ta ƙirga, ta karya dama cikin farin da ba ta ganin ko bakin garma. Ƙasa na nan a ƙarƙashinsu. Haka suka yi ta hawa, shi yana faɗa tun kafin abin ya zo, ita tana bi, har katangar gonar ƙarshe ta fito daga cikin fari.

Halvard mai gonar, abokin wasan Torleiv tun suna yara, yana tsakar gida a kan tasa taraktar. Ya kashe inji.

"Torleiv, kai ne? An ce ka makance."

"Na makance, amma har gobe na fi ka tuƙi. Sarƙarka ta hagu ta saki, tun daga ƙofa nake jin ta tana kuka."

Halvard ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce su shigo su sha gahawa. Matarsa ta kawo waina da jan cuku. Gunvor ta kasa cin komai. Mahaifinta ya cinye nasa, ya cinye nata.

Labari ya bazu a kwarin. Tun daga shekarar, da zarar Nuwamba ya kama, taraktoci kan yi layi a ƙofar rumfar Brenden, har na samarin da suka sayi sababbi masu kwamfuta a ciki. Gunvor ita ke share hanya yanzu, ta kuma iya ɗaura sarƙa cikin minti ashirin. Sau ɗaya ta gwada yi da ido a rufe, ta ƙare da yatsa a kumbure.

Bara gwiwa ta hana Torleiv durƙusawa. Yanzu kujera ake fito masa da ita, a lulluɓe shi da fatar tunkiya. Kowa ya ɗaura tasa sarƙar da kansa, sannan ya tuƙo taraktar ya wuce ta gabansa a hankali. In tsohon ya ɗaga hannu, mutum ya kama hanya. In bai ɗaga ba, sai a sauko a sake.